Malam Aminu Kano a Majalisar Wakilai: me ya yi da kujerar, kuma yaya gidansa yake?

Tambaya: Malam, tun muna yara muke jin cewa Malam Aminu Kano ɗan adawa ne har ya koma ga Allah. Kwanan nan sai wani ya ce mini ya taɓa zama ɗan majalisa a Legas, wai ma a ɓangaren gwamnati yake zama. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya tsinana a can? Sannan maganar da ake yi cewa ya rasu bai bar dukiya ba, haka take ko yabon magoya baya ne?

Amsa: Gaskiya aka gaya maka, ɗan'uwa. Malam Aminu ya ci zaɓen 12 ga Disamba 1959, ya wakilci Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya har zuwa ƙarshen 1964, kuma a bencin gwamnati ya zauna, yana mataimakin bulaliyar majalisa. Shekara biyar ke nan cikin shekara talatin da 'yan kai da ya yi yana siyasa. A ganina babu lokacin da hannunsa ya ɗaure kamar waɗannan shekaru, kuma dalilin ɗaurewar ya fi jerin muƙaman muhimmanci, don haka a nan zan fi daɗewa.

An haife shi ran 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai da alƙalai na Gyanawa. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali. Mahaifiyarsa ma mai ilimi ce, ita ta fara koya masa karatun Alƙur'ani, ta rasu yana ƙarami. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, daga 1942 ya fara koyarwa a Bauchi, inda ya yi hulɗa da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi karatun koyarwa Landan, ya dawo ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka kai shi Maru ya shugabanci kwalejin horar da malamai. Ranar da mutum takwas suka kafa NEPU, jam'iyyar 'yan sawaba, a Kano, 8 ga Agusta 1950, shi yana ma'aikacin gwamnati, shi ya sa ba ya cikin jerin sunayensu. Ya ajiye aiki kafin shekarar ta ƙare, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Ka riƙe wannan asali nasa, don mutumin da ya tashi yana kallon yadda ake shari'a daga cikin gida ya san inda ake murɗe ta, kuma ba wanda zai iya ce masa jahili ne a addini. Abokan hamayyarsa sun gwada jifan 'yan NEPU da rashin tarbiyya da raina manya, amma shi da aya da hadisi da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu yake mayar musu da martani.

Kafin ya shiga majalisa sai da ya sha ƙasa har sau uku. A 1951 ba kai tsaye ake zaɓe ba, mataki-mataki ne: unguwa ta zaɓi wakilai, su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e, wato hukumar mulkin sarki, damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Da aka zo nan ko ɗan NEPU ɗaya bai tsallaka Kaduna ba. A 1954 ya nemi kujerar tarayya, Maitama Sule ya kayar da shi a tutar NPC, jam'iyyar Sardauna, alhali Maitama yana cikin waɗanda suka kafa NEPU. A 1956 ya nemi Majalisar Jihar Arewa, Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Wannan faɗuwa ta 1956 ita ce ta fi tsada, za ka ga dalili.

Zaɓen 1959 shi ne na farko da aka jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce a duk faɗin Arewa don majalisar tarayya, ko da yake maza kaɗai suka jefa. Kujeru 312 ne, Arewa na da 174. NPC ta zo ta ɗaya amma ba ta sami rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai ba. NEPU ta sami kujeru 8, kuma ta shiga zaɓen ne tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe, ƙawancen da ya daɗe tun shekarun baya. Sai NCNC ta yanke shawarar haɗa gwamnati da NPC. Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Awolowo ya zama madugun adawa, Malam Aminu kuwa ya tsinci kansa a ɓangare ɗaya da jam'iyyar da ya yi shekara tara yana yaƙa. Bai riƙe minista ba, abin da ya riƙe shi ne mataimakin bulaliya. A tsarin majalisa irin na Ingila da ake bi a lokacin, aikin bulaliya shi ne tabbatar da cewa 'yan ɓangarensa sun halarci zama kuma sun jefa ƙuri'a yadda gwamnati take so. Wato shugaban 'yan sawaba aka ɗora wa alhakin tara wa gwamnatin NPC ƙuri'u a Legas, a daidai lokacin da magoya bayansa ke cin ɗauri a Kano da Zariya da Katsina.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Duk abubuwan da NEPU ta tashi a kansu ba a hannun majalisar Legas suke ba. Mulkin En'e, naɗin hakimi da dagaci, kotunan alƙalai, 'yan doka, gidajen yarin sarakuna, haraji da jangali, dokar ƙasa da gonaki, duk hurumin gwamnatin jiha ne, ana yanke su a Kaduna ƙarƙashin Sardauna. Majalisar tarayya harkokin waje take riƙe da su, da soja, da kuɗin ƙasa, da kwastan, da jirgin ƙasa da gidan waya. To ɗan NEPU da aka hana wa izinin lacca, ko aka ninka masa haraji, ko aka kai shi gaban alƙali aka yi masa bulala aka ɗaure shi wata shida kan cewa ya zagi sarki, ba abin da ɗan majalisarsa na Legas zai iya yi masa da kujerar. Ko lauya ba a yarda ya tsaya wa mutum a kotun alƙali ba a wancan zamani. Majalisar da za ta iya sauya waɗannan dokoki ita ce ta Kaduna, ita ce kuma Malam bai taɓa samun shiga ba. Ƙofar da ta buɗe masa daban, ɗakin da matsalar take daban.

Saboda haka in ka duba aikinsa na waɗannan shekaru za ka ga ya fi karkata ga harkokin waje. Ya shiga tawagar Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, a lokacin da ƙasashen Afirka ke samun 'yanci ɗaya bayan ɗaya, ana muhawara kan rikicin Kwango da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ra'ayinsa a bayyane yake: Nijeriya ta tsaya da ƙafarta, ta mara wa masu neman 'yanci baya, kada ta zama 'yar amshin shatan Ingila. Wannan aiki ne na gaske, ba na raina shi. Sai dai ba shi ne ya sa manomin Ɗambatta ko mahaucin Fagge ya sayi katin NEPU ba. Ka haɗa da cewa majalisar Jamhuriya ta Farko ba zaman kullum take yi ba, 'yan makonni take zama a shekara, yawancin dokoki daga majalisar ministoci suke fitowa a dafe, sai a zo a amince. Ɗan majalisar da ba minista ba, bakinsa kawai yake da shi, shi kuwa Malam ƙawance ya rage masa ko wannan bakin.

Me ya sa ya yarda? NEPU jam'iyyar talakawa ce, ba ta da gwamnati ko ɗaya, ba ta da attajirai da yawa. Kuɗin mota da lasifika da lauyoyin ɗaukaka ƙara, wani kaso mai yawa daga NCNC yake zuwa. Fita daga ƙawancen yana nufin tsayawa tsirara gaban En'e, ko komawa wajen Action Group ta Awolowo, wadda yawancin mutanen birnin Kano ba sa ƙaunarta tun rikicin 1953. Akwai kuma fatan cewa zama cikin gwamnatin tarayya zai sa a sassauta wa 'yan jam'iyya a gida. Ba a sassauta ba. A zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1961 NEPU kujera ɗaya tak ta samu. Hukuncina a nan shi ne ƙawancen ya fi amfanar NCNC nesa ba kusa ba: ta sami ministoci da muƙamai, ita kuwa NEPU ta rasa abin da ya fi komai daraja a wurinta, wato a ji muryarta tana cewa a'a. Ba na cewa akwai hanya mai sauƙi da ya bari. Amma masu son sa suna yawan tsallake wannan babi, alhali shi ne yake nuna irin matsin da ɗan adawa yake ciki a lokacin.

Zuwa 1963 al'amura sun sake salo. Gwamnatin Kaduna ta binciki En'e ta Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare, masu jin haushin abin suka kafa jam'iyyar KPP. NEPU ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka, daga nan aka shiga babban ƙawancen UPGA, wanda ya haɗa da NCNC da Action Group don yaƙar NPC, don zaɓen 30 ga Disamba 1964. Zaɓen ya zo da ruɗani: 'yan takarar adawa da yawa a Arewa an hana su ko shigar da takardu, UPGA ta yi shelar ƙaurace wa zaɓe ana dab da yin sa, wasu wurare aka jefa ƙuri'a wasu ba a jefa ba. Malam ya rasa kujerarsa, bai kuma sake zama ɗan majalisar dokoki ba. Wata goma sha biyu da 'yan kwanaki bayan haka soja suka kifar da gwamnatin.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancin buƙatun NEPU bayan an rufe majalisa aka same su. An ba Kano jiharta ran 27 ga Mayu 1967, cikin jihohi 12 na Gowon. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a shekarar kuma matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, abin da NEPU take nema tun shekarun 1950, wanda a kansa Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi kansa Malam ya shiga gwamnatin Gowon a 1967 yana kwamishinan sadarwa na tarayya, a 1971 aka mayar da shi lafiya, ya zauna har 1974. Ya yi aiki a kwamitin tsara kundin mulki na 1975 da majalisar da ta duba kundin a 1977 zuwa 1978. Ba zan ce shi kaɗai ya kawo waɗannan canje-canje ba, soja suna da nasu dalilan na karya ƙarfin jihohin da. Amma shekara goma sha biyar ta laccar NEPU ce ta sa da aka yi su talakan Arewa ya karɓa hannu biyu.

Mu zo kan gidansa, wanda shi ne rabin tambayarka.

Maganar ba yabon magoya baya ba ce. Mutumin da ya yi shekara biyar a majalisa, ya yi shekara bakwai yana riƙe da ma'aikatun tarayya, ciki har da shekarun da kuɗin man fetur ya fara malala, ba a san shi da kamfani ba, ba a san shi da jerin gidajen haya ba. Gidan da ya bari shi ne na Gwammaja, a cikinsa aka binne shi, shi ne yanzu Gidan Mambayya da Jami'ar Bayero ke gudanar da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ciki. In ka sami dama ka je, ɗakunan da ya zauna suna nan, idonka zai ba ka amsa fiye da bakina. Suturarsa ma sananniya ce, farar riga marar ado da jar hula, a zamanin da girman mutum a taro da yawan aikin rigarsa da tsayin rawaninsa ake auna shi. Da gangan ya zaɓi haka. Yana gaya wa talaka cewa ba sai ka faɗi ƙasa ka gaishe da mutum don tufafinsa ba, to dole nasa tufafin su yi daidai da maganar.

Wajen iyali, ya yi aure fiye da sau ɗaya, kuma bai bar 'ya'ya da yawa ba, 'ya mace aka san shi da ita. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne yadda ra'ayinsa kan mata bai tsaya a kan dandamalin lacca ba. Ya buɗe ajin koyar da mata karatu da sana'ar hannu a gidansa, a lokacin da fitar matar aure zuwa makaranta abin surutu ne a birni. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya na tsarin aji da allo da darussan zamani a Kano. Da azumi yana zama ya yi tafsiri, kuma mai sauraro ya san inda zai fi tsayawa: ayoyin adalci, da haƙƙin maraya da mace da mai rauni, da labarin Annabi Musa da Fir'auna. A takararsa ta 1983 mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo. Ka tuna shekara bakwai kacal ke nan da matan Arewa suka fara zaɓe.

Gidan kuma ba gidan iyali kaɗai ba ne. Ofishin jam'iyya ne, makaranta ce, wurin kai ƙara ne, masaukin wanda aka koro daga ƙauyensu ne. Irin wannan rayuwa tana da kyau a baki, amma akwai masu ɗaukar nauyinta da ba a ambata: matan gidan da ke girki ba su san adadin masu ci ba, ba su kuma san ranar da za a zo a tafi da maigidan ko a jefi gidan ba. Duk wanda zai yabi sauƙin kan Malam, ya kamata ya sa su a cikin yabon.

Sai dai kada ka ɗauka tsarkin hannu ya wadatar wajen riƙe jam'iyya, don ƙarshen rayuwarsa ya nuna akasin haka. A 1978 ya fice daga tattaunawar da ta haifi NPN, jam'iyyar su Shehu Shagari, ya kafa PRP tare da su S.G. Ikoku. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta so hana shi takara kan takardar haraji, kotu ta ba shi dama. A zaɓen shugaban ƙasa na Agusta 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'u kimanin miliyan 1.7, akasarinsu daga Kano. Ƙarfinsa a Kano ne ya hana Shehu Shagari samun kashi ɗaya cikin huɗu a jihar, wanda ya jawo shari'ar nan da ta kai Kotun Ƙoli kan ko Shagari ya cika sharaɗin samun wannan kaso a biyu bisa uku na jihohi 19. PRP ta ci gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suna hawa suka soke haraji da jangali. Wannan ita ce nasara mafi girma da Malam ya gani da idonsa, kuma ta hannun almajiransa ta zo.

Ba a cika shekara ba aka ɓata. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnonin UPN ta Awolowo da GNPP ta Waziri Ibrahim masu adawa da Shagari, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi, aka kore su a 1980. Jam'iyya ta rabe biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna tare da gwamnoni da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu. 'Yan santsi suna zarginsa da sassauta wa NPN, shi kuma yana ganin za a mayar da PRP 'yar rakiyar wata babbar jam'iyya. Ni a nan nake ganin tabon 1959: mutumin da ya taɓa shiga ƙawance ya fito da hannu wofi, ba zai yi saurin yarda da wani ba. Tsoronsa yana da tushe. Amma korar gwamnoni biyun da jam'iyya ke da su duka duka magani ne da ya fi cutar zafi. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta kuma ba ta taɓa amince wa Balarabe da kwamishinoni ba, ta tsige shi a Yuni 1981. Ran 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka koma ba sa ga maciji da juna.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 yana da shekara 62, saura 'yan watanni a yi zaɓe, ba a kuma sasanta ba. Hasan Yusuf ya gaji takararsa ta shugaban ƙasa. Rimi ya koma NPP ta Azikiwe ya nemi zarcewa, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo ya kayar da shi, ya yi wata uku a kan kujera kafin soja su karɓi mulki ran 31 ga Disamba 1983 su rushe jam'iyyun duka.